Ɗakin da Ke Ƙarƙashin Rawa

Duk wanda ya san harkar casu ya san dije iri biyu ne: akwai mai buɗe fili, akwai mai rufewa. Mai rufewa shi ake buga wa hoto a fasta, shi ake yi wa ihu, shi ake ɗauka a waya. Mai buɗewa kuwa, bawan Allah, tun ana jan kujeru yake fara kiɗa, yana yi wa mai shara da mai jera kwalabe, har mutane su taru ya ɗumama musu jiki, sannan ya cire abin kunnensa ya miƙa su ga wani da zafinsu. Ko sannu ba a cika yi masa ba.

Sanyi-Sanyi mai buɗewa ne, kuma ya daɗe a haka har furfura ta fara leƙo masa a gemu. Sunan ma a wurin aikin ya samo shi, don ba ya gaggawa. Lallaɓa mutane yake yi, waƙa bayan waƙa, yana ɗinke wutsiyar wannan da kan waccan, har mutum ya tsinci kansa a tsakiyar fili bai san lokacin da ya ajiye kofinsa ba. A fasta kuwa sunansa yana can ƙasa, kusa da lambar waya, sai ka matso ka ƙanƙance ido kafin ka gan shi.

Zauren da yake aiki yana saman bene, bisa shagon wani mai gyaran kujeru. Da can wurin ajiye kaya ne, mai daɓen katako da dogayen tagogi a gefe ɗaya, kuma hanyar shigarsa ɗaya ce tak, wata matakalar ƙarfe mai tsayi da ta miƙe kamar tsani. Mai gidan ya kafa sharaɗin a watse kafin duhu, saboda haka casun na rana ne, duk Asabar. Masu zuwa ba yara ba ne kaɗai. Akwai ma'aikatan jinya da suka tashi daga aiki, da teloli, da direbobi, da iyayen da suka bar 'ya'ya wurin maƙwabta suka zo su kaɗe gajiyar mako.

Mai shirya casun gwaggonsa ce, ƙanwar babansa uwa ɗaya uba ɗaya, amma kowa a harkar Gwaggo yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Ita ke kama zaure, ita ke buga fasta, ita ke zaɓen wanda zai hau kan na'ura da wanda zai tsaya yana kallo. Zumunci bai taɓa sa ta ɗaga masa ƙafa ba. In ma akwai bambanci, shi ta fi tsananta wa.

To, abin da ya daɗe yana ci wa Sanyi-Sanyi rai shi ne, Gwaggo ba ta hawa zauren. Takan riga kowa zuwa, ta shige wani ɗakin ajiya da ke ƙasa, bayan shagon kujerun, ta turo ƙofa, ba ta fitowa sai kowa ya watse. Amma da gari ya waye sai wayarsa ta yi ƙara.

"Kai ɗan nan, me ya kai ka sa waccan mai busa bayan mai tafi? Mutanen gefen taga duk sun zauna. Sai da ka wahala kafin ka dawo da su."

Kuma haka aka yi, ba ƙari ba ragi. Ta yaya ta sani? Ya hau kujera ya duba bayan fankoki ko akwai kyamara, bai samu komai ba sai yanar gizo. Ya zargi mai sayar da lemo, ya bi ta da ido Asabar guda cur, ya ga ko wayarta ba ta taɓawa. Ya lallaɓa Mai Ƙofa, wani ƙato mai sanyin hali da ke tsaron gindin matakala, shi kuwa ya ce, "Ni dai shayi nake kai mata, in ajiye in fito. Ba ta son a tsaya." Ya je har gida ya tambayi babansa, tsohon ya yi dariya har da tari.

"Ƙanwata ke nan. Kai ba ka san ta ba lokacin da ake ce mata Katantanwa. In ta shiga fili, masu kiɗa ita suke bi, ba ita ke bin su ba. Je ka tambaye ta mana, ko tsoro kake ji?"

Tsoro yake ji, gaskiya. Amma tsoron bai kai son sanin yawa ba.

Ana haka sai Guguwa, dijen da ke rufe musu fili, ya samu kira daga wani babban gari ya haɗa kayansa. Gwaggo ta ce mutum biyu za ta gwada. Asabar ta farko 'Yar Wuta ce za ta rufe, wata matashiya mai saurin hannu da ta fara suna a gari, Asabar ta biyu kuma Sanyi-Sanyi. Wanda ya yi mata, shi ke da filin.

Sanyi-Sanyi ya san abin da wannan ke nufi. In gurbin ya wuce shi ya faɗa hannun yarinyar da ya girma nesa ba kusa ba, to shi da rufe fili har abada, zai tsufa yana ɗumama wa wasu mutane. Kuma yana so. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma yana so ko sau ɗaya zauren nan ya ɗauki ihu ya zamana shi ne a bayan na'ura. Sai dai yaya mutum zai ci jarrabawar da bai san da me ake makinta ba?

Ranar gwajin 'Yar Wuta, ya buɗe kamar kullum, ya miƙa mata fili cike, ya sauko. Ya tarar da Mai Ƙofa yana fama da wasu da suka zo su biyar da tikiti huɗu, filas ɗin shayin Gwaggo na ajiye a kan benci. Bai tsaya dogon tunani ba. Ya ɗauki filas ɗin, ya zagaya ta bayan shagon kujeru, ya tura ƙofar ɗakin ajiya a hankali.

Ɗakin bai da wani abin mamaki, kuma wannan ne ya fara ba shi mamaki. Karyayyun kujeru, akwatunan lemo, wayoyin wuta a nannaɗe, tsofaffin fastoci sun yi tsibi a lungu. Babu talabijin, babu na'ura, babu komai. Ƙwan fitila ɗaya ne ke rataye da waya daga sama. Gwaggo tana kishingiɗe a wata kujerar falo da audugarta ta fito, ta ɗora ƙafafu a kan akwati, fuskarta na kallon rufi, idanunta a rufe.

"Ajiye a nan," in ji ta. Sai ta ɗan karkata kai, ba ta buɗe ido ba. "Wannan ba takun Mai Ƙofa ba ne. Ɗan yayana, gulma ce ta sauko da kai?"

"Shayi na kawo, Gwaggo."

"Shayin gidanku. Turo ƙofar, ka zauna tunda ka zo. Rufe bakinka ka buɗe kunne."

Ya zauna a kan akwati ya ɗaga kai. Sai a lokacin ya lura ɗakin ba shi da silin. Katakon da ke bisa kansu shi ne daɓen zauren, tsirara, daidai tsakiyar filin rawa. Waƙar da 'Yar Wuta ta sa ya san ta sarai, amma a nan ƙasa an tuɓe ta, babu muryar mawaƙi, babu busa, sai wani ɗan gunji daga nesa. Abin da ya cika ɗakin ƙafafu ne. Takun mutane, ɗaruruwa, wani mai nauyi, wani mai kaifi, wani yana ja, wani yana dira. Shekara da shekaru yana kallon mutanen nan daga sama, bai taɓa sanin haka suke ba ta ƙasa.

"Ka ji wancan mai jan ƙafar hagu, wajen ginshiƙi?" Gwaggo ta nuna da leɓe. "Direban motar asibiti ne. Shi ba ya tashi don kunya, sai kiɗa ya yi masa. Waɗannan ƙwas-ƙwas ɗin kuma matan shagon gyaran gashi ne. Su ko janareta aka tayar rawa za su yi, ba a auna dije da su."

Sanyi-Sanyi ya saki baki. "Duk kin san su?"

"Na san wanda ya sayi sabon takalmi. Na san wanda ya yi faɗa da matarsa. Akwai wasu biyu can gefen taga, bara takunsu daban-daban ne, yanzu ya zama ɗaya. Ka jira katin gayyata."

A sama 'Yar Wuta ta saki wata mai zafi. Daɓen ya ɗauka gaba ɗaya, ƙura ta ɗan zubo daga tsakanin katako, ƙwan fitilar ya fara lilo, inuwar kujeru na kai da komo a bango. Gwaggo ta yi murmushi.

"Yarinyar nan ta iya," in ji ta.

Ya kafa wa fitilar ido yana auna iyakar inda take kaiwa. Da ya sauke idon kuma sai ya sauka a kan abin da bai zo nema ba. A bayan ƙofa, an jingine wata sandar ƙarfe mai roba a gindi, irin ta asibiti. Ya dubi ƙafafun da ke kan akwati. Zanenta ya ɗan janye, gwiwoyin a naɗe suke da bandeji, sun kumbura sun yi suntum.

"Gwaggo, tun yaushe?"

Wannan karon ta buɗe ido. Ta ja zanen ta rufe.

"Tun da na daina hawa. Kana tsammani don ƙasaita nake zama cikin karyayyun kujeru?" Ta zuba shayi. "In ka faɗa wa kowa, ni da kai ne. Ka san harkar nan. Ranar da aka ji mai casu ba ta iya hawa zaurenta, washegari za a fara zawarcin dijejina da mai gidan nan."

"Baba ya sani?"

"Babanka ne ya sayo sandar. Shi ya sa yake maka dariya."

Tausayi ya kama shi, har ya rasa inda zai sa idonsa. Ita kuwa ba ta son tausayi, ta ci gaba da magana kamar labarin wani take bayarwa. Ta ce da farko takaici ne yake kawo ta ɗakin, ta zauna ta ji abin da ya fi ƙarfinta. Daga baya ta gane a nan ƙasa ba a yi mata ƙarya. Fuska takan yi dariya don ana ɗaukar hoto, hannu yakan tashi don na kusa ya tashi, amma ƙafa ba ta motsawa sai ta ji.

"Ba kya marmarin ki gani da ido?" ya tambaya.

"In ga me? Babu abin da za a yi a saman nan da ban san shi ba tun daga nan. Tashi ka tafi, kana tare mini kunne."

Ya fita da abu biyu a ransa, gwiwoyin da fitilar. Ya kamata a ce na farkon ne ya fi tsaya masa, amma dije dije ne, kuma mai son gurbi ba ya ji da kunne biyu. Duk bayanin ƙafa da aka yi masa ya bi iska. Abin da ya riƙe shi ne fitila ta yi lilo, Gwaggo ta yi murmushi. To, shi zai sa fitilar nan ta taɓa katako.

Mako guda ya yi yana tankaɗe waƙoƙinsa. Duk masu laushin da ya saba lallaɓa mutane da su ya ture gefe, ya tara masu bes, wato sautin nan mai kauri da ke dukan ƙirji. Bai tsaya nan ba. Manyan sifikun zauren guda biyu a kan wata roba mai kauri suke zaune, don kada girgizarsu ta shiga katako. Da safiyar Asabar, kafin kowa ya hau, ya karkata su ɗaya bayan ɗaya yana nishi, ya zare robar ya cusa a bayan teburinsa. Ya kaɗe hannu yana jin ya yi dabarar da ba a taɓa yi ba.

'Yar Wuta ce ta buɗe ranar. Ba aikinta ba ne, amma ta yi ƙoƙari ta danne hannunta, kuma da lokaci ya yi ta cire abin kunne ta miƙa masa da ladabi.

"Ga su nan, Yaya, da ɗuminsu. Allah Ya ba da sa'a."

Bai lallaɓa kowa ba. Ya saki ta farko, ya murɗa bes har ƙarshe. Daɓen ya yi gunji a ƙarƙashin tafin ƙafarsa, kwalabe suka fara rawa a kan teburin mai lemo, gilasan taga na kaɗawa. Matan shagon gyaran gashi suka yi ihu suka faɗa fili, samari suka bi su da tsalle. Sanyi-Sanyi ya ji daɗi ya ratsa shi. Yana hango fitilar a ransa tana lilo kamar za ta tsinke. Ya ƙara wata, ya ƙara wata. Can ya lura direban motar asibiti ya koma kan benci ya toshe kunne ɗaya da yatsa, amma ya kawar da kai, ya ce tsufa ne.

Sai ga Mai Ƙofa yana ratso mutane, abin da bai taɓa yi ba ana tsakiyar casu. Ya zo ya kafa baki a kunnensa yana ihu.

"Gwaggo ta ce ƙura ta cika mata kofi, fitila ta kusa faɗo mata a ka! Amma ta ce tun da ka hau ba ta ji mutum ko ɗaya ba! Ta ce in tambaye ka, ko kowa ya tafi gida ne?"

Ya dubi sifikun, ya dubi katakon da suke zaune a kai. Da hannunsa ya zare robar, ya cika daɓen da gunjin na'ura, ya binne kowane taku a ƙarƙashinsa. Hanya ɗaya ta rage wa matar nan ta ganin zaurenta, shi kuma ya toshe ta. A can ƙasa tana zaune cikin ƙura, ba ta san ko ana rawa ko ana dambe ba. Kunya ta kama shi fiye da tsoron rasa gurbin, ko da yake shi ma tsoron yana nan daram.

Ba dama ya ɗaga sifiku a tsakiyar mutane. Abin da zai iya shi ne ya rage, ya kuwa rage, ya murɗo bes ɗin baya har ya kusa ɓacewa. Fili ya yi wani iri. Wani saurayi ya juyo ya watsa hannuwa yana tambayar lafiya. 'Yar Wuta, da ke tsaye a gefensa, ta zaro ido. Ya yi kamar bai gan su ba, ya koma cikin waƙoƙin da ya ture, ya fara yin abin da ya iya, wato kiran mutane ɗaya bayan ɗaya.

Ya sa wata tsohuwa mai tafiyar hawainiya, wadda ya san tana taɓa direban. Mutumin ya cire yatsa daga kunne, ya yi jim, sannan ya miƙe yana jan ƙafar hagu. Ya ɗinka mata wata mai garaya-garaya a wutsiya, su biyun nan na gefen taga suka kalli juna suka ajiye lemo. Ma'aikatan jinya suka shigo a jere. Samarin da ke tsalle ɗazu suka gaji da ƙunƙuni, suka fara bin takun manya. Bai ƙara ƙarfi ba, bai ƙara sauri ba sai kaɗan-kaɗan, yadda ba mai ji. Bai kalli fuska ko ɗaya ba, ƙasa yake kallo, takalma da silifa da tafin ƙafar waɗanda suka tuɓe. Yana nan yana ɗinki har ya ga abin da yake nema: duk ƙafafun zauren suna tashi tare, suna sauka tare.

Amma sifikun suna nan zaune a kan katako tsirara, komai ƙanƙantar sautin sai ya ratsa. Yana so ta ji wannan tas, ba tare da gunjin komai ba. Hanya ɗaya ce, kuma ita ce abin da kowane dije ke mafarkinsa ya farka da gumi. A wannan sana'a an yafe maka waƙa mara daɗi, an yafe maka haɗi mai karo, amma ba a yafe shiru. Ya ɗora yatsa a kan maɓallin sauti, ya jira bugun ya zagayo, ya ja shi ƙasa gaba ɗaya.

Kiɗa ya ɗauke. Ƙafafun ba su ɗauke ba.

Dum. Dum. Dum. Daɓen kansa ya zama ganga. Ba wanda ya yi ihu, ba wanda ya juyo ya dubi na'ura. Direban ya fara tafi, na kusa da shi suka karɓa. Ana jin numfashin mutane, ana jin ƙarar 'yan kunne da makullai a aljihu, ana jin motoci a titi ta taga.

"Yaya, dawo da shi," 'Yar Wuta ta raɗa masa, ta riƙe masa hannun riga. "Za su watse."

Bai ɗaga maɓallin ba. Ya bar su suka yi ta yi, fiye da yadda hankali zai yarda, har ya tabbata ko mai barci ne a ɗakin ƙasa ya ji. Sannan ya tura maɓallin sama daidai kan bugu. Ihun da zauren ya ɗauka, tsuntsayen da ke kan wayar wuta a waje sai da suka tashi. Shi ne ihun da ya daɗe yana so, ga shi kuwa ya zo, kuma ya yi daɗi kamar yadda ya zata. Sai dai hankalinsa yana ƙasa. Ta ji? Ko ƙura ta riga ta kore ta?

Waƙoƙi suka wuce, babu saƙo. Rana ta karkata, hasken tagogi ya yi ja. Yana cikin haɗa wata sai ya ga mutanen da ke kusa da bakin matakala suna darewa, suna kallon ƙasa. Mai Ƙofa ya fara bayyana, yana tahowa a sunkuye, hannuwansa a buɗe kamar mai tare abin da zai faɗi. A gabansa, a kan matakin ƙarshe, wata mata ce zaune ta ba wa zaure baya. Ta dafa, ta ja jiki, ta juyo da ƙyar. Ɗankwalinta ya zame, gumi ya jiƙe mata riga, sandar ƙarfen na kan cinyarta a fili, kowa na gani. Da zama ta hawo, da baya, mataki bayan mataki.

Sanyi-Sanyi ya cusa wa 'Yar Wuta abin kunne ya ratsa fili da gudu. Ya durƙusa a gabanta.

"Gwaggo! Me ya sa ba ki aiko ba? Ga mutane, ga sandar..."

"Rabu da sanda." Tana haki. "Wa ya kashe mini kiɗa?"

"Ni ne."

"Da gangan?"

"Da gangan, Gwaggo. Don ki ji su."

Ta dube shi. "Na ce na'ura ce ta mutu. Na jira in ji sun tsaya, in ji takun masu fushi sun nufo ƙofa, don na san wannan takun. Sai na ji ba su tsaya ba. Na kasa kunne, na kasa gane me ake yi a zaurena." Ta share gumi da bakin ɗankwali. "Ni ce yau na kasa ganewa. Ban ji daɗi ba ko kaɗan."

Ta leƙa ta gefen kafaɗarsa. Idonta ya bi tagogin, ya bi fankokin, ya bi mutanen da suka rage rawa suna kallonta. Wasunsu ba su taɓa ganin ta ba sai a baki. Ta tsaya a kan direban.

"Ashe gajere ne," in ji ta. "Da takunsa na ɗauka ƙato ne."

Dariya ta ƙwace wa Sanyi-Sanyi, hawaye na biye da ita. Ya ce bari ya kawo mata kujera, ta ce nan ya yi mata, kada wanda ya taɓa ta.

"Gobe ka mayar mini da robata inda ka same ta, mara kunya. Kuma ka nemo wa mai buga fasta hoto mai kyau, ba wannan naka mai kama da na katin asibiti ba. Babba za a sa." Ta tokare shi da kan sandar. "Tashi ka koma. Sake yi, ina so in gani."

Ya koma bayan na'ura. 'Yar Wuta ta miƙa masa abin kunne, ta ɗan rusuna da wasa, ta matsa. Ya tattaro mutanen a hankali, yadda ya saba, har takun ya sake zama ɗaya. Sannan ya ja maɓallin ƙasa.

Daɓen ya ci gaba da bugawa. Amma wannan karon akwai wani sauti a ciki da babu shi ɗazu, siriri, mai amo, yana faɗowa daidai kan bugu. Ya cire abin kunne ya nemi inda yake fitowa. Gwaggo ce ta juya sandar, tana dukan ƙarfen matakala da mariƙinta, idanunta a buɗe, kafaɗunta na tafiya.